Kayan Wasan Yara: Na Jiya da Na Yau

Yara, duk inda aka sami yaro a duniya, za a sami abin wasa kusa da shi. Ɗan manomi yana da nasa, ɗan makiyayi yana da nasa, ɗan birni ma haka. Kakanninku da kuke gani yau da furfura da sanda, su ma sun yi yarinta. Sun hau dokin kara, sun goya ƴar tsana, sun dafa tuwon ƙasa. Amma in kuka ajiye abin wasan kaka kusa da naku, za ku ga ba iri ɗaya ba ne.

Abin wasa ba shi da baki, amma yana ba da labari. Yana gaya mana irin zaman da mutane suka yi, da abin da ke hannunsu, da aikin da suka iya. A cikin wannan karatu za mu koyi yadda ake jin labarin nan. Hanyar mai sauƙi ce. Duk abin wasan da ya zo hannunku, ku yi masa tambaya uku:

Da me aka yi shi?
Wa ya yi shi?
Me ke sa shi motsi?

Ku lura: wasa daban, abin wasa daban. Langa wasa ce, amma ba ta bukatar komi sai ƙafa da hannu. Mu a nan muna magana ne bisa abin da ake riƙewa, ko a tura, ko a ja, ko a goya.

1. Da me aka yi shi?

A da, yaro ba ya zuwa kanti neman abin wasa. Kantinsa shi ne gona, da bakin tabki, da gindin icce. Kowane lokaci na shekara da abin da yake kawo masa.

Da kaka, bayan an girbe hatsi da dawa, kara ya samu ko'ina. Ku ɗauki karan dawa ku duba shi da kyau. A waje yana da ɓawo mai ƙarfi da santsi. A ciki yana da totuwa mai laushi. In aka tsaga ɓawon siri-siri, sai ya zama kamar ƙusa, ita kuwa totuwa ta karɓe shi ta riƙe. Da abubuwan nan biyu kaɗai yara ke haɗa mota, da jirgi, da tabarau, da ɗakin tsuntsu. Dogon kara kuwa, a lanƙwasa kansa, a ɗaura masa linzamin igiya, ya zama doki.

Da damina, laka ta samu a bakin tabki. Yara maza su gina shanu masu tozo da ƙaho, da raƙuma, da dawaki. Ƴan mata su gina tukunya, da turmi, da murhu. Yaro mai wayo yana shanya ginin nasa a inuwa. In ya sa shi a rana, bayan zai bushe ya tsuke tun cikin yana ɗanye, sai ya tsage.

Akwai sauran kaya da yawa. Ana ɗaukar ƙashin ƙafar rago ko guntun kara, a naɗa masa ƙyalle, a rataya masa tsakiya, ya zama ƴar tsana. Ana sa ƴan duwatsu cikin ƙaramin duma, ya zama abin kaɗa wa jinjiri. Ana dunƙule tsumma a ɗaure shi tam, ya zama ƙwallo. Ana gyara katantanwa a murza ta bisa ƙasa ta yi ta juyi. A Abzin, inda raƙumi shi ne babbar dukiya, yara suna yin raƙumin wasa da muƙamuƙin akuya. Kun ga ke nan, kowa da abin da ƙasarsa ta ba shi.

Daga baya sababbin kaya suka shigo. Ga uku daga cikinsu:

Gwangwani. A shekara ta 1810 aka fito da dabarar adana abinci cikin gwangwani a Ingila. Sai da aka daɗe kafin gwangwanin madara, da na tumatir, da na kifi su iso kasuwanninmu. Da suka iso, manya suka ci abin da ke ciki, yara suka ɗauki gwangwanin suka yi mota da shi.

Danƙo. Danƙo ruwan wani icce ne da ke fitowa a ƙasashe masu yawan ruwan sama. A 1839, wani mutumin Amurka mai suna Charles Goodyear ya gano cewa in aka dafa shi da farar wuta, ba ya narkewa da zafi, ba ya sandarewa da sanyi. Da irin wannan danƙo ake yin taya. Daga tsohuwar taya kuwa yara ke yanko danƙon harbin tsuntsu.

Roba. Ita roba ba icce ke ba da ita ba, haɗa ta ake yi. Wani masani mai suna Leo Baekeland ya haɗa irinta ta farko a 1907. Bayan da yaƙin duniya na biyu ya ƙare a 1945, kayan wasan roba suka fara cika kantuna. Yawancin robar yau daga ɗanyen man da ake haƙowa a ƙasa ake yin ta.

To, ga ƙa'ida ta farko da za ku riƙe: abin wasa ba zai girmi kayan da aka yi shi da su ba. In wani ya nuna muku ƴar tsanar roba ya ce ta shekara 200, ku san ba haka ba ne. Amma ku yi hattara. Dokin kara tsohon iri ne, duk da haka yana yiwuwa yau da safe aka yi wanda ke hannunku. Tsufan iri daban, tsufan abu daban.

2. Kayan wasa mafi tsufa

Me ya sa ba mu da dokin karan da aka yi shekara 500 da suka wuce? Amsar tana bayan ɗakinku. Ku ajiye kara a ƙasa ku dawo bayan damina ɗaya: gara ta ci rabi, ruwa ya ruɓar da saura. Ɗanyar laka ma, ruwan sama ɗaya ya isa ya mai da ita ƙasa.

Amma lakar da aka gasa a wuta, kamar yadda maginan Mirya ke gasa tukwanensu, ba ta narkewa. Shi ya sa in kuka je kufai kuna tsintar fasassun kasake, alhali ba ko ɗaki ɗaya a tsaye.

Masu binciken tarihi suna haƙa irin waɗannan kufai. A ƙasar Pakistan ta yau, a yankin kogin Indus, sun tono tsofaffin birane biyu, Mohenjo-Daro da Harappa. A can suka sami ƴan amalanke na gasasshiyar laka, da shanun jan su, da usur mai siffar tsuntsu. Kayan nan sun kai wajen shekara 4500. Ku duba fa: yaran can, tun wancan lokaci, shanun laka suke wasa da su kamar ku.

A Masar kuma, bushewar ƙasa ce ta yi aiki. Ruwan sama kaɗan ne ƙwarai a can, don haka icce da ƙyalle ba su ruɓe ba. An sami ƙwallaye, an sami dabbobin icce waɗanda in ka ja zare sai su buɗe baki. An sami wata ƴar tsana ta ƙyalle, an cusa mata tsumma a ciki. Ta fi shekara 1500, kuma tana ajiye a babban gidan tarihi na birnin Landan.

Wannan yana nuna mana abu mai muhimmanci. Kayan wasan kakanninmu na kara ne, da kaba, da ɗanyar laka. Ba su bar sawu a ƙasa ba. Wuri ɗaya kaɗai suke ajiye: cikin kan tsofaffi da cikin hannuwansu. Tsohon da ya tafi ba a tambaye shi ba, ya tafi da su.

3. Wa ya yi shi?

A da, mai wasa da abu shi ne mai yin sa. Ƙane yana zaune yana kallon wansa yana haɗa motar kara. Yau ya miƙa masa totuwa, gobe ya riƙe masa taya, jibi ya gwada da kansa. Ta farko ta karkace, ta biyu ta ɓalle, ta uku ta yi tafiya. Yarinya kuma tana koyon yi wa ƴar tsana kitso daga wajen yayarta ko kakarta. Ba a biyan ko dala. Abin da ake biya shi ne haƙuri.

Yawancin kayan wasan da ake sayarwa yau, inji ne ke yin su a masana'anta. Ana narka roba, a tura ta cikin wani mazubi na ƙarfe, kamar yadda ake zuba siminti a mazubin tubali. In ta huce a buɗe, abin wasa ya fito. Mazubi ɗaya yana fitar da dubbai, duk kama ɗaya. Mafi yawansu a ƙasar Sin ake yin su. Jirgin ruwa ya kawo su bakin teku, manyan motoci su ɗauko su har kasuwannin Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa. Su ne kuke gani gab da salla: agogon roba, tabarau, usur, bindigar ruwa da balan-balan.

Sai dai ita ma masana'anta da hannun mutum ta fara. A garin Billund na ƙasar Danmak an yi wani kafinta mai suna Ole Kirk Christiansen. Da aikin gini ya yi ƙaranci, a 1932 ya koma sassaƙa kayan wasa na icce. Ya sa wa sana'arsa suna Lego, daga kalmomi biyu na harshensu masu nufin a yi wasa da kyau. A 1949 ya fara yin ƴan tubala na roba. A 1958 aka gyara su, suka zama suna kama juna tam. Tubalin da aka yi a 1958 har yau yana shiga cikin sabo.

Me ya sa yaran duniya ke son tubalan nan? Don ba gamammen abu ake ba su ba. Yaro ne ke gina gida, ya rushe, ya gina mota. To, ai wannan shi ne aikin ɓawon kara da totuwa. Abin da wasu ke saye da kuɗi mai yawa, ku kuna da irinsa kyauta a gona.

Ga yadda za ku gane aikin hannu da aikin inji. Aikin hannu ba ya da tagwai: motocin kara goma, kowace da kamarta. Aikin inji kuwa yana da wani siririn layi a jiki, inda bakin mazubi ya haɗu, sau da yawa kuma an rubuta sunan ƙasar da aka yi shi a ƙarƙashi.

4. Me ke sa shi motsi?

Ba abin da ke motsi haka kawai. Dole ƙarfi ya fito daga wani wuri.

Ƙarfin jiki. Dokin kara ba ya gudu sai da ƙafar mahayinsa. Gare ba ya tafiya sai an bi shi da sanda. Katantanwa ba ta juyi sai yatsu sun murza ta. Kun taɓa tambayar kanku abin da ke hana ta faɗuwa? Duk abin da ke juyawa da sauri yana riƙe tsayuwarsa, ba ya saurin karkata. Amma ƙasa tana gogar tsininta, iska tana gogar jikinta. Sannu a hankali juyin ya ragu, ta fara layi, ta faɗi. Shi ya sa ta fi daɗewa bisa daɓe mai santsi. Gare ma haka yake: muddin yana gudu yana tsaye, da ya rage gudu sai ya kwanta.

Ƙarfin iska. In kuka yi farfela da takarda ko da ɓawon kara kuka fuskanci iskar hunturu, za ta yi ta juyi. Akwai kuma jirgin takarda mai dogon zare, wanda iska ke ɗagawa sama. Mutanen Sin sun san shi fiye da shekara 2000.

Ƙarfin makulli. Akwai motar da ake murɗa mata makulli. A cikinta akwai wani siririn ƙarfe naɗaɗɗe. In kun murɗa, kun ƙara naɗe shi ke nan. In kun saki, sai ya warware a hankali yana juya tayoyi. Ƙarfin hannunku ne ya ajiye, yake mayarwa kaɗan-kaɗan.

Ƙarfin pil. Pil, wato batir, wani masanin Italiya mai suna Alessandro Volta ya ƙirƙiro shi a 1800. Lantarkin da ke fitowa daga pil yana juya ƙaramin inji, ko ya kunna fitila, ko ya sa ƴar tsana kuka. In pil ya ƙare, wasa ya tsaya.

Wasan allo. A 1989 wani kamfanin Japan mai suna Nintendo ya fito da Game Boy, ƙaramin akwatin wasa da ake riƙewa a hannu. Yau irin waɗannan wasanni suna cikin salula.

Yanzu ku sake duba jerin nan daga sama zuwa ƙasa. Me kuka gani? A farko yaro ne ke gudu, abin wasa yana bin sa. A ƙarshe abin wasa ne ke gudu, yaro yana zaune. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar aƙalla minti 60 na motsa jiki sosai kowace rana. Mai gare ya cika nasa tun kafin magariba.

5. Abin da bai sake ba

Kaya sun sake, masu yi sun sake, amma abu ɗaya yana nan: yaro yana kwaikwayon babba. Abin da ya ga manya suna yi, shi yake yi a ƙarami.

Da doki ne abin hawan sarki da jarumi, sai yara suka yi dokin kara. A 1886 Karl Benz ya fito da motarsa a Jamus. A ƙarshen 1924, ayarin motocin kamfanin Citroën ya ratsa ta Yamai, da Tasawa, da Damagaram. Da motoci suka yawaita bisa hanyoyinmu, sai ga motar kara, ga motar gwangwani, ga motar waya mai dogon sitiyari. Yau za ku ga ƙaramin yaro ya gina salula da laka, ya kafa ta a kunne yana gaisawa. Laka tsohuwa ce, salula sabuwa ce. Ashe abu ɗaya yana iya haɗa jiya da yau.

Ƴar tsana ita ce ta fi kowa daɗewa. An yi ta da ƙashi, da kara, da laka, da ƙyalle, da roba. Hadisi ya nuna cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana da ƴan tsana da take wasa da su tare da ƙawayenta, har da wani doki mai fukafukai. Ko da me aka yi ta, aikinta ɗaya ne: a goya ta, a yi mata wanka, a lallashe ta. Da haka ake koyon reno da tausayi.

Sauran wasanni ma makaranta ne. Mai carafke tana koyon ƙirga da saurin hannu. Mai dara yana da gurbi 30, layi 5 na gurbi shida-shida, da ƴaƴa 12. Yana neman jera uku, yana kuma tsare abokinsa. Wannan lissafi ne da hangen nesa.

Don haka wasa ba ɓata lokaci ba ne. A 1989 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara. Sashe na 31 ya ce yaro yana da haƙƙin hutu da wasa. Ƙasarmu Nijar ta amince da ita a 1990. Tun daga 2024 kuma, ranar 11 ga watan Yuni ta zama ranar wasa ta duniya. Haƙƙin nan na kowa ne, mace da namiji. Yarinyar da ta ɗebo ruwa, ta yi daka, ta yi reno, ita ma tana bukatar lokacin wasanta. Ku ƴan maza, in kun kama wa ƴan uwanku mata aiki, kowa zai sami lokacin zuwa dandali.

6. Wanne ya fi?

Kowanne da amfaninsa, kowanne da aibinsa. Ƙwallon kanti ya fi na tsumma tashi da daɗewa. Motar roba tana da launi mai kyau. Amma in ta karye, da wuya a gyara ta. Sai a jefar, ta yi shekaru masu yawa a ƙasa ba ta ruɓe ba. Motar kara ba ta daɗewa, amma in ta karye mai ita ya san gyaranta, in ta mutu kuma ta zama taki.

Ga abubuwan da za ku kiyaye, na da ne ko na yanzu:

Bakin gwangwani da tsinin waya suna yanka. A lanƙwasa su kafin wasa. In kun ji rauni, ku wanke da ruwa da sabulu, ku gaya wa babba. Ƙazantar da ta shiga rauni tana iya kawo ciwon tetanos, mai sandarar da jiki.

Kada ku auna mutum ko dabbar gida da danƙon harbi. Dutse ɗaya ya isa ya kashe ido.

Kada ku ba yaron da bai kai shekara 3 ba ƙaramin abin da zai iya haɗiyewa, ko fasasshen balan-balan. Yana iya shaƙe shi.

Ƙaramin pil mai kama da maɓallin riga mugun abu ne. In yaro ya haɗiye shi, yana iya ƙone masa maƙogwaro cikin awa 2. A kai shi gidan likita nan take, kada a jira.

Kada ku fasa tsohon pil, kada ku tauna abin da aka shafa wa fenti.

7. Mu haɗa motar kara

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Ga yadda ake yin mai sauƙi. Ku nemi busasshen karan dawa, da sakaina, da tsinke biyu miƙaƙƙu, da zare, da ƙusa, da ƙaramar wuƙa. Aikin wuƙa a gaban malam ko wani babba za a yi shi.

Na ɗaya: ku yanke kara biyu masu tsawon santimetir 20, da biyu masu santimetir 10. Ku ɓare su, ku ajiye ɓawon.

Na biyu: ku tsaga ɓawon siri-siri, ku soke totuwa huɗun nan da shi, su haɗu su yi kusurwa huɗu. Wannan shi ne gindin mota.

Na uku: ku kafa ƙusa bisa sakaina, ku ɗaura mata zare, ku auna santimetir 3 ku ɗaura alli. Ku zagaya, da'ira ta fito. Ku yi huɗu, a yanke muku su.

Na huɗu: ku huda kowace taya daidai inda ƙusa ta tsaya. Nan ne tsakiya. In hudar ta kauce, mota za ta yi ɗingishi.

Na biyar: ku soka tsinke ɗaya a gaba, ɗaya a baya, ku sa tayoyi, ku toshe bakin tsinken da guntun totuwa don kada taya ta fita.

Na shida: ku gina ɗakin direba da wurin kaya yadda kuke so, ku kafa dogon kara a baya na turawa.

8. Gidan tarihin ajinmu

A Yamai akwai gidan tarihi na ƙasa. An buɗe shi a 1959, yau yana ɗauke da sunan Bubu Hama. Aikinsa shi ne tara kayan mutanen ƙasa, a adana su, a nuna wa jama'a. Mu ma za mu yi namu a kusurwar aji.

Kowa ya je wurin tsoho ko tsohuwa ɗaya. Ku durƙusa ku gaisa tukuna. Sannan ku ce: «Kaka, da me kuka yi wasa kuna yara? Yaya sunansa? Da me ake yin sa? A wane lokaci na shekara? Wa ya koya muku?» Ku rubuta amsa da Hausa yadda aka faɗa muku, ko da sunan ya saba da wanda kuka sani, don sunan da ake faɗi a Adar ba lalle shi ake faɗi a Gobir ko Damagaram ba. Daga nan ku roƙe su su yi muku shi a gabanku. Ku zuba ido, sannan ku gwada yin naku. Matambayi ba ya ɓata.

A aji za mu shimfiɗa tabarma uku: ta zamanin kakanni, ta zamanin iyaye, da ta zamaninmu. Kowane abu da ƴar takardarsa, da Hausa da Faransanci: sunansa, kayan da aka yi shi da su, wanda ya yi shi, da abin da ke sa shi motsi. Wanda ya shiga zamani biyu, kamar ƴar tsana, a sa shi tsakanin tabarmi. In mun gama, za mu gayyaci ƴan ƙaramin aji da iyayenmu su zo kallo. Kowane ɗayanku zai koya wa ƙane ɗaya yin abu ɗaya. Da tsohuwar zuma ake magani.

Mu tuna

Abin wasa yana ba da labarin zamaninsa.
Tambayoyi uku ne: da me aka yi shi, wa ya yi shi, me ke sa shi motsi.
Kara da ɗanyar laka ba su daɗewa. Sanin yin su ne ke daɗewa, in an koya wa wani.

Kalmomi

Totuwa: farin abu mai laushi da ke cikin kara.
Kufai: wurin da aka taɓa yin gari aka tashi.
Sakaina: guntun fasasshiyar ƙwarya.
Mazubi: abin da ake zuba narkakken abu a ciki don ya ɗauki siffarsa.
Masana'anta: babban wurin da injuna ke ƙera kaya.

Tambayoyi

1. Waɗanne kayan wasa ake yi da kaka? Waɗanne ake yi da damina?
2. Me ya sa ake shanya ginin laka a inuwa?
3. Me ya sa aka sami kayan wasan Harappa, amma ba a sami dokin karan kakannin kakanninmu ba?
4. Yaya za ku gane aikin hannu da aikin inji?
5. Me ke sa katantanwa ta faɗi daga ƙarshe?
6. Ƙanenka ya haɗiye ƙaramin pil. Me za ka yi?

Lissafi

1. Zagayen taya ya ninka faɗinta sau 3 da ɗan kai. Wani gare yana da faɗin santimetir 60. Juyi ɗaya yana kai shi wajen santimetir 188. Santimetir nawa zai yi a juyi 10? Metir nawa ke nan?
2. An fara kayan wasan Lego na icce a 1932, na roba a 1949. Shekara nawa ne tsakani?

Aikin gida

Ku je wurin kaka da tambayoyin nan biyar. Ranar Litinin kowa ya zo da takardarsa da abin wasa ɗaya da ya yi da hannunsa.